Kota, ba ƙotar gatari ba

Jama'a kwana biyu, ku yi haƙuri da shirun, aiki ne ya sha kaina ga kuma wutar nan da ba ta zama balle mutum ya yi caji ya zauna rubutu. Abin da ya maido ni yau wata 'yar tukunya ce, ƙarama ƙwarai, ko tuwon mutum ɗaya ba ta ɗauka, kuma bakinta ma a ɓantare yake dan ta sha wuya cikin jaka tsakanin Kano da Sakkwato, kun dai san hanyar kun kuma san yadda direbobinmu ke faɗawa rami kamar da gayya. Ƙanena ne ya zo da ita wanga hutu da ya wuce. Yana karatun haɗa magunguna can kudancin Indiya, jihar Tamil Nadu, kuma wai in zafi ya ishe su sai su haɗa kuɗi shi da abokanshi su hau mota su yi sama cikin duwatsun Nilgiri su sha iska. Ni abin har dariya yake bani, yaron da ya tashi cikin zafin Afrilun Sakkwato, wanda ya kwana tsakar gida da jiƙaƙƙen zane, wai shi ne yau ke gudun zafi.

To ranar da ya iso aka buɗe jaka, Inna ta samu ganyen shayi da kayan ƙamshi, ni na samu riga wadda ta yi mani kaɗan, yara sunka samu alewa, sai ya ciro tukunyar nan naɗe cikin tsohuwar singileti ya miƙa wa tsoho, wato kakanmu. Nace kai kuwa lafiyarka, wa ya taɓa kawo wa maƙeri tsarabar tukunya? Dan mu asalinmu 'yan Maƙera Assada ne, tsoho ya yi ƙira har sai da idonshi ya fara gazawa, har yau in ka duba hannunshi duk tabon tartsatsi ne. Sai yaron yace ai shi ya sa ya kawo mai, mutanen da ke gina ta maƙera ne, mazansu na ƙira matansu na ginin tukwane, kuma sunansu Kota.

Tsoho ya kawo kunne yace "Mi kac ce? Ƙota? Ta gatari ko ta kalme?" Gida ya kwashe da dariya. Ƙanena yace a'a Alhaji, Kota, sunan ƙabila ne. Tsoho yace "To ai duk ɗaya na, in dai maƙera na sunan ya dace da su, ka taɓa ganin ƙarhen da yay yi aiki babu ƙota?" Ya juya tukunyar, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kai kunne kamar mai sauraren rediyo, yace ta gasu. Daga nan ya aje ta bai ƙara magana ba, amma ni maganar sunan ta tsaya mani a rai, dan a waya in ba ka da harafin nan mai lanƙwasa, ƙota da Kota duk abu ɗaya kake rubutawa.

Da dare na sa data na shiga nema, nan fa na fara ɓata. Ashe masu sunan suna da yawa. Akwai wani babban gari Kota a jihar Rajasthan, arewacin Indiya, wanda ya yi suna wajen makarantun shirya ɗalibai jarrabawar shiga jami'a, shi babu ruwanshi da maganarmu. Akwai kuma wasu Kota a nan Afirka, arewa maso gabashin Gabon da tsallaken iyaka cikin Kongo, su ma gwanayen aikin ƙarfe, an san su da wasu siffofi na itace da ake lulluɓewa da tagulla da farin ƙarfe a kafa bisa kwandon da ke ɗauke da ƙasusuwan kakanninsu, yanzu da yawansu suna gidajen tarihi na Turai, kun san yadda anka yi sunka je can ba sai na faɗa ba. Na kusa sakin layi in bi waɗannan, amma tukunyar da ke ɗakin tsoho ba daga Gabon ta zo ba, sai na koma kan na duwatsun.

Nilgiri ma'anarshi shuɗɗan duwatsu. Wuri ne mai tsawo ƙwarai inda jihohin Tamil Nadu da Kerala da Karnataka sunka haɗu, babban garin wurin Ooty yana sama da mita 2,200 daga teku, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo kuma, Doddabetta, ta haura mita 2,600. Sanyi ake yi na gaske, lokacin hunturu har raɓa ke daskarewa bisa ciyawa da asuba, ga hazo ga gonakin shayi ko'ina. A saman nan ne Kota suke, kuma abin da ya fara bani mamaki shi ne yawansu, dan duk ƙabilar ba ta wuce mutum dubu biyu ba ko kusa da haka. Dubu biyu fa. Wallahi ɗaurin aure ɗaya na gidan manya a garin nan ya kan tara fiye da haka. Amma suna da harshensu na kansu, dangin Tamil da Malayalam da Kannada, suna da addininsu na gargajiya, suna da kiɗansu, kuma sun daɗe a haka, ba su ƙaru sosai ba ba su kuma ɓace ba.

Ƙauyukansu bakwai ne rak, Kotagiri da Kil Kotagiri da Kollimalai da Trichigadi da Sholur da Kundah sai ɗaya can ƙasa wajen Gudalur, a warwatse suke cikin duwatsun yadda kowane yanki yana da nashi maƙera kusa. Kotagiri ɗin ma ma'anar sunan dutsen Kota, yanzu ya zama gari babba da su Kota ɗin sunka zama 'yan tsiraru cikinshi. Kusa da shi ne Baturen mulki na Coimbatore, wani gari can ƙasan duwatsun, John Sullivan, ya fara yin masauki da ya hau duwatsun a 1819. Ni duk shekarar da na gani sai na auna ta da tamu, 1819 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na da shekara biyu bisa mulki, garin Sakkwato kanshi bai wuce shekara goma da kafawa ba. Daga zuwan Baturen nan ne hanya ta buɗe, Turawa sunka mayar da wurin wajen hutu dan sanyin na tuna masu gida, anka kawo dankali da shayi da 'yan ƙwadago daga ƙasa, daga baya har jirgin ƙasa ya iso Ooty a 1908.

Yanzu sunan. Su dai ba su ce wa kansu Kota, wannan na bakin waje ne. A harshensu namiji kov ne, mace koti, ƙauyensu kuma kokal. Wannan ba baƙon abu ba ne wurinmu, mu ne fa muke cewa Barebari alhali su Kanuri suke cewa, muke cewa Gwari alhali Gbagyi ne, Fulani kuma in suna maganar kansu Fulɓe suke cewa, su ma sunka juyo sunka laƙaba wa Hausawa Haɓe. Kowa da sunan da maƙwabci ya raɗa mai, wani da daɗi wani babu daɗi, kuma yawanci wanda ya fi ƙarfi ko ya riga kai wa ga mai alƙalami shi ne nashi ke shiga takarda.

Bayanin farko da ya shiga takardun Turawa marar daɗi ne. Wai sunan daga kalmomin Sanskrit ne, tsohon harshen Indiya, go saniya, hatya kisa, wato masu kashe shanu. Mu nan wannan ba zagi ba ne, mahauci ne kawai, sana'a ce har da sarautarta, Sarkin Fawa ba ƙaramin mutum ba ne a kasuwa. Amma a ƙasar da mafi yawan mutane ke girmama saniya, a ce maka mai kashe shanu ai an gama da kai, an sa ka can ƙarshen layi inda ba a cin abinci da kai. Kuma abin da ya sa maganar ta samu wurin zama, Kota na aikin fata, suna feɗe dabba, suna cin naman ɓaunar gida irin tasu, a da ma har wadda ta mutu da kanta. Sai anka ɗauki abin da ake ƙyamarsu da shi anka ce ai ga ma'anar sunansu nan. Irin wanga fassara mun san ta, ita ce ta hau sa, wai wani ya hau sa sai anka ce Hausa, ko masu cewa Sakkwato daga suuƙ ne na Larabci dan kasuwa, mutum ya ji sauti ya yi kama sai ya ɗinka mai labari, bambancin kawai namu labaran ba su cutar da kowa.

Abin da ya ƙara sa na ƙi yarda da ita shi ne labarin da su da kansu ke bayarwa na yadda sunka zauna wurin. A cewarsu wata baƙar saniya ce ta yi masu jagora cikin duwatsun, duk inda ta tsaya ta nuna da kofato nan sunka kafa ƙauye, har bakwai ɗin sunka cika. Ku duba fa, mutanen da ake kira makasan shanu, su a wurinsu saniya ce ta nuna masu gida. Da na karanta wa tsoho wannan da safe yana shan kunu sai yace "Ai ko raƙumar Manzon Allah ita tan nuna wurin masallaci a Madina, dabba na da nata sani." Nace Alhaji kar ka haɗa, yace shi bai haɗa ba, faɗi yay yi.

Akwai bayani na biyu, na wani Bajamushe malamin harsuna da ya koyar a Madras, garin da ake kira Chennai yanzu, Gustav Oppert, shi yace tushen sunan ko ne, tsohuwar kalma mai nufin dutse ko tsauni, wato mutanen dutse kenan. Ba laifi, sai dai duk maƙwabtansu ma bisa dutsen suke, mi ya sa su kaɗai za su ci sunan? Kuma a Tamil kalmar ko ɗin nan tana nufin sarki ma, da ni ne Bakote in anka tambaye ni ai wagga zan riƙe, wa ke ƙin a ce kakanshi sarki ne, mu nan kowane gida ka shiga in anka fara jan salsala ba a tsayawa sai an kai ga wani mai rawani.

Na ukun shi ne ya zauna mani. Wani masanin harsuna haifaffen Kanada, Murray Emeneau, ya zauna cikin duwatsun tsakanin 1935 da 1938 yana rubuta harshen Kota da na maƙwabtansu Toda daga bakin masu shi, tatsuniyoyi da labarai da komai, daga baya shi da abokin aikinshi Thomas Burrow sunka fitar da ƙamus na tushen kalmomin wannan dangin harsuna a 1961. A cikinshi kalmar kov an jera ta gida ɗaya da kalmomin Tamil na maginin tukwane, irin su kuyavan. Wato in an bi wanga bayani, ma'anar sunan magini, koti kuma magina mace, kokal ƙauyen magina. Sunan sana'a ne ya zama sunan ƙabila.

Na san wani zai ce dan ni jikan maƙeri ne shi ya sa na zaɓi wannan, to ba musu, amma ku duba garinmu. Shiyyoyin tsohon gari nawa ne sunansu sana'a ce kawai? Maƙera, Marina, Majema, Takalmawa. Mutum ya ce maka shi ɗan Takalmawa ne alhali bai taɓa riƙa basilla ba, likita ne ko lauya, amma sunan ya bi shi. Mu kanmu in ana maganar gidanmu ba a cewa gidan wane, gidan maƙera ake cewa, kuma da za a ɗauke mu a kai mu bisa wani dutse mu yi shekara ɗari biyar muna aure tsakaninmu muna magana da irin karin harshenmu, ai ƙabila za mu zama sunanmu Maƙera, wata rana wani Bature ya zo yana tambayar ma'anar sunan wani maƙwabci mai jin haushinmu yace mai ai masu ƙera ƙarya ne.

Ginin tukwanen nasu na mata ne, kuma a Indiya wannan abin lura ne, dan mafi yawan wurare can namiji ne ke zama gaban faifan juyi, mace sai dai ta kwaɓa yumɓu ta yi ado. Wurin Kota mace ce magina. Faifan da hannu ake juya shi, wata na juyawa wata na jan yumɓun yana tashi, in jikin tukunyar ya fito sai a cire a bari ya sha iska, sannan a rufe gindin da bugu, dutse daga ciki 'yar mabuga ta itace daga waje, ana bugawa ana juyawa har ta yi sumul. Ɗibar yumɓun ma ba a yin shi kara zube, yana da lokacinshi a shekara kuma da biki ake fita, da kiɗa. Tukwanen nan su ne na girki da ɗibar ruwa da ajiyar hatsi da madara a duwatsun gaba ɗaya kafin silba da roba su zo, kuma har yau bukukuwansu na addini da na mutuwa ba su yiwuwa sai da sabuwar tukunyar gida, wannan ne ma ya riƙe sana'ar ba ta mutu ba duk da masu yinta sun ragu ƙwarai.

Goggonmu da ta zo gaida ɗan Indiya ta ɗauki tukunyar ta leƙa ciki ta shafa da yatsa, ita ta tashi ƙauye kusa da magina, tace ai ga sawun dutsen bugu nan, "haka Adarawan shiyyarmu ka yi, sai dai su ba su da abin juyi, ƙasa suka zama su bi ta da hannu." Sai ta tambayi ƙanena nawa ya saya, da ya juya mata kuɗin zuwa naira ta aje ta a hankali tace da wannan kuɗi randa biyu za ta saya har da canjin kabu-kabu.

Mazan kuma ƙira ce babbar sana'arsu, ta baƙi da ta fari duka, abin da mu nan muka raba gida biyu, maƙeran baƙi masu kalme da gatari da lauje, maƙeran fari masu zobe da awarwaro da 'yan kunne. Su mutum ɗaya na iya haɗawa, ya ƙara da sassaƙa, ya ƙara da jima da igiyar fata, ya iya ɗora rufin ɗaki, ga shi kuma manomi. Wato abin da a Sakkwato sai ka zagaya shiyya huɗu ko biyar kafin ka haɗa, can ƙauye ɗaya ne. Kuma maƙerar ba wurin aiki ce kawai ba wurinsu, wuri ne mai alfarma, lokacin babban bikin shekara na abin bautarsu, wanda suke kira Ainor da Amnor wato uba da uwa, akwai ƙirar da ake yi ta al'ada, wutar bikin ma ba da ashana ake kunna ta ba sai an murza itace. Tsoho bai yi mamakin wannan ba ko kaɗan, yace ko nan da can ba kowa ke tsallake uwar maƙera ba, ba a zama bisanta, kuma yaro bai fara riƙa masaba sai ya gaji da zuga.

Yadda zaman yake a da, ƙabilun duwatsun kowa da abin da ya riƙe. Toda makiyaya ne, ɓauna ce dukiyarsu kuma ita ce rabin addininsu, madara da man shanu wurinsu ake samu. Badaga manoma ne kuma su ne masu yawa. Kurumba mutanen daji ne, zuma da saiwoyi da itace, ana kuma tsoronsu dan ana ganin matsafa ne. Kota su ne masu hannu. Kowane gidan Kota yana da gidajen Badaga da na Toda da ya gada daga ubanshi, shi ke yi masu kayan aiki shi ke gyarawa, matarshi ke kai tukwane, in an yi girbi a auna mai hatsi, Toda su ba shi mai. Babu ciniki babu nawa za ka bari. Tsoho yace haka sunka taso, manomi ya kawo kalme a yi mai gyara da bazara bai biyan ko anini, sai kaka ta yi ya aiko da damen gero, Bafillata ta kawo nono a ba ta tsaba, kuma ka san gidan da kake yi wa aiki kamar yadda ka san gidanku, in sun yi haihuwa da kai, in sun yi rashi da kai.

Rashin ne ma ya kawo maganar kiɗa, dan Kota su ne makaɗan duwatsun. Suna da abin busa da suke kira kol, in kun ga hotonshi algaita ce sak, na nuna wa yara bidiyo a YouTube ƙaramar tace Sarki zai fito? Suna da ganga mai fuska biyu, da wani tambari mai faɗi da ake bugawa da 'yan sanduna, da wani ƙaho na tagulla mai lanƙwasa da ake busawa dan sanarwa kamar yadda kakaki ke yi. Kowane lokaci da takenshi, na bauta dabam, na rawa dabam, na mutuwa dabam, ba a haɗawa. A da jana'izar Toda ko ta Badaga mai daraja ba ta cika sai makaɗan Kota sun zo, a ta Toda ana yanka ɓauna dan mamaci kuma su Toda ba su cin naman, sai Kota su kwashe, ladarsu kenan. Mu nan maƙera ake yi wa kiɗa, dundufa tamu ce, in anka buga ta tsoho har yau sai kafaɗarshi ta motsa, can kuwa maƙerin ne da kanshi makaɗin, wato ya haɗa ƙira da roƙo, ku ƙiyasta inda mutanenmu masu tsince-tsincen asali wurin aure za su aje shi.

Nan ne abin ya daina bani dariya. Mutanen nan babu gidan da ke tafiya sai da su, wuƙar da ke ɗakin girki tasu ce, tukunyar da ke bisa murhu tasu ce, gawar ubanka ba ta tafiya da mutunci sai sun busa, amma ba a barinsu su shiga cikin ɗaki, ba a cin abincinsu, in sun zo daga waje suke tsayawa. Wani mai bincike Ba'amurke, David Mandelbaum, da ya zauna da su a ƙarshen shekarun 1930 ya kawo labarin cewa lokacin da wasu Kota sunka fara naɗa rawani irin na Badaga, sai da anka tare su a hanya anka yi masu duka. Dan rawani. Na faɗa wa tsoho wannan ya yi shiru, can yace "Rawani ai ba tsumma na ba." Bai ƙara ba, ni ma ban ja ba, dan a garin nan ba sai an yi wa kowa bayanin abin da rawani ke nufi ba.

Bari in faɗi nawa. Ina aji biyu a sakandare wani malami, ba zan faɗi makarantar ba balle shi, ya ce kowa ya tashi ya faɗi sana'ar gidansu. Wannan yace malanta, wannan yace kasuwanci, wannan yace babanshi ma'aikacin gwamnati ne, da anka zo kaina nace injiniya. Wani ɗan shiyyarmu da ke bayan aji ya fashe da dariya yace injiniyan zugazugi, aji ya ɗauka, malamin ma ya taya su, sunan ya bi ni har na gama. Abin da ya fi ci mani rai yanzu ba dariyar ba ce, ƙaryar da na yi ce, dan kuɗin makarantar nan daga lauje da kalme sunka fito, kuma da hutu ni ne mai zugar. A gaskiya namu bai kai na Indiya ba, kusa ma bai yi ba, maƙeri a ƙasar Hausa yana da sarauta, yana cin abinci da kowa, ana ma shakkarshi dan wasa da wuta, tsakaninmu da Buzaye kuma sai wasa da tsokana. Amma ku je neman aure wani gidan ku ji yadda ake tambayar "su wane iri ne" da murya ƙasa-ƙasa, sannan ku zo mu yi magana.

Abin da ya faru da Kota daga baya ya zo ta fuska biyu. Kasuwa ta cika da kayan kamfani masu araha, manomin Badaga da ya fara samun kuɗin dankali da shayi ba ya buƙatar jiran maƙerin gado, sai ya saya a kanti. Sannan tun wajen shekarun 1930 rigima ta tashi cikin Badaga kan ko a ci gaba da kiran makaɗan Kota wurin jana'iza ko a bari, su ma Kota masu karatu sunka fara cewa mi ya sa za mu riƙa busa a mutuwar mutanen da ba su bari mu shiga ɗakinsu, a hankali abin ya watse. Kiɗan bai mutu ba, sun dai maida shi gida, bukukuwansu suke yi wa. Sunka kama boko da gaske, yau akwai ma'aikatan banki da na gidan waya da malamai cikinsu, wasu na noman shayi da kayan lambu, gwamnatin Indiya kuma ta sa su cikin jerin ƙananan ƙabilun da ake ba kulawa ta musamman wurin karatu da ɗaukar aiki. Ƙira ta ragu sai ɗaiɗaiku, tukwane kuma wasu matan na yin ƙanana na ado dan masu yawon buɗe ido, irin wadda ƙanena ya saya kenan, shi ya sa ba ta ɗaukar tuwo.

Mu ma in ka shiga Maƙera yanzu ƙarar injin walda da na gurza ƙarfe ta fi ta masaba yawa, tama kuwa tun kafin a haifi babana anka bar narka ta, sifirin ɗin tsohuwar mota shi ne tamarmu. A jikokin tsoho maza mu goma sha ɗaya, biyu ne ke ƙira, ɗayan ma ƙofofi da tagogi yake yi kuma ya rubuta injiniya a allon shagonshi, shi ba wanda ya yi mai dariya.

Tukunyar dai Inna ta ƙwace ta, ta ce ta yi daidai da kaskon turaren wuta, tsoho bai hana ba. Jiya da ƙanena ke haɗa kaya zai koma sai ya kira shi ɗaki, yace in ya sake hawa dutsen nan ya nemo mai lauje ko wuƙa ta hannun mutanen, ba ta kanti ba, yana son ya ga irin ruwan da suke ba ƙarfe. Yaron yace Alhaji ba a bari a shiga jirgi da wuƙa. Tsoho yace "To ka cire ƙotar ka baro masu, ƙarhen nika so, ƙota muna da ita nan."